Marecen da Muka Bi Ganga da Garwashi

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ja kwanana har na ga bikin Biyanu ya faɗo cikin damina sau biyu.

Ku ƴaƴana da jikokina, na san abin da kuke faɗi in na ba da baya. Kuna cewa Inna Tima ce ta so ta tare wa yayanku hanyar ɗaukaka don taurin kai, ta hana shi kayan ubansa, ta tara tsofaffi don ta kunyata samari. Kunnena ya yi nauyi, amma bai toshe ba. To, ku zauna ku ji yadda aka yi tun ina da sauran haƙoran faɗi. In na mutu kowa ya ƙara gishirinsa.

Ni ƴar yamma ce, wannan ba ɓoyayye ba ne. A yammacin garin nan aka binne cibiyata, aure ya kawo ni gabas. Wanda bai san Agadas ba zai ce mene ne a ciki, tafiyar da ko ruwa ba a sha a hanya. Amma in Biyanu ya kama, daga bayan Layya har zuwa cika-ciki, garin nan biyu yake rabuwa. Gabas na da tambarinta da makaɗanta, yamma na da nata, kowane ɓangare ya fito da kiɗa da rawa yana neman ya danne sautin ɗan'uwansa. A zamanin iyayenmu, in aka yi karo a lungu sanda ke magana. Mu mun tarar an daina fasa kai, amma ba a daina gori ba. Babbar rana ita ce marecen ado, jajibirin cika-ciki, ranar da kowa ke fiddo tufafin da ya ɓoye shekara guda, a bi ganga a zaga gari, a wuce Alarsas da ke bayan gari a kwana, da safe a dawo da ganyen dabino a hannu. Gidan da aka kawo ni kuwa shi ne gidan da ake ajiye gangunan gabas tun kaka da kakanni: tambari babba, da ƙanana na hannu masu fuska ɗaya da muke ce ma akanzam. Ranar da aka kawo ni, wata tsohuwar unguwa ta ɗaga mayafina ta dube ni.

"Ƴar yamma a ɗakin ganga?" in ji ta. "An ba kura ajiyar nama."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban san maganar za ta bi ni har furfura ba.

Kun sani watanmu ba ya zama wuri guda kamar na Nasara. Kowace shekara sai ya ɗan gusa, shi ya sa Biyanu ke yawo: ya yi shekaru cikin sanyi, ya yi shekaru cikin zafi, sai an yi shekara talatin da ɗoriya kafin ya komo inda ya baro. Farkon da na gan shi cikin damina ina da goyon fari. A lokacin silima ce ta haukata gari. Fili ne da katanga, babu rufi, ana haska fim ɗin Indiya a jikin farin bango. Samarin gabas suka koyi rawar wuya, suna tafe suna waƙa da harshen da ba su san ko zaginsu ake yi ba. Surukina ya ce shi ke nan, silima ta kashe Biyanu. A marecen ado na shekarar, mai silima ya kawo sabon fim kamar da gayya, rabin makaɗanmu suka sulale tun la'asar suka tafi kama wuri. Sai Allah ya yi ikonsa, hadari ya taso, mai silima ya lulluɓe injinsa ya rufe ƙofa. Suka dawo a guje, jiƙe sharkaf, suka ɗau ganguna kamar ba su ne suka gudu ba. A ranar na ga uwar mijina ta zuba garwashi a kasko cikin zaure tana gasa akanzam ɗaya bayan ɗaya, don fatar ganga ba ta shiri da laima. In ta sha sanyin ruwa sai ta saki, in ta ji wuta sai ta ɗaure. Ni ke miƙa mata, ita ke juyawa.

Bayan silima kaset ta zo, aka ce ita za ta kashe Biyanu. Bidiyo ya zo, gita ta zo ta cinye gidajen biki, tele ta zo, waya ta zo. Kowanne an yi wa Biyanu ta'aziyya a kansa, kuma kowace shekara ganga ta fita. Surukaina suka rasu, mahaifinku ya riƙe tambari har shi ma Allah ya karɓi abinsa. Ganguna suka zauna a ɗakina, ni ke shafa musu mai, ni ke korar ɓera. Jagorancin makaɗa ya koma hannun yayanku, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Babba nake ce masa. Hannu gare shi, wannan ba na hana shi. In ya taɓa fata sai ka ji har cikin haƙarƙari. Yana kuma kaɗa gita da abokansa a gidajen biki, ban taɓa cewa uffan ba.

Sai shekarar da wata ya gama zagayensa ya sake jefo Biyanu cikin damina. Bai tsaya nan ba, ya ɗauki marecen ado ya ɗora shi daidai kan kwanakin bikin gishiri na garin Ingal, wanda ake sa ranarsa da lissafin Nasara. Can manya ke taruwa, can baƙi ke zuwa, can masu ɗaukar hoton tele ke kafa ƙarafansu. Wani mai shirya wasanni daga Yamai ya ji kiɗan Babba a gidan wani biki, ya ce yana son makaɗan gabas su hau dandamali a Ingal, ganga da gita a haɗe, duk ƙasa ta gani. Babba ya shigo mini da hantsi ina tsintar shinkafa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Inna, ƙofa ta buɗe. Za mu Ingal, mu duka. Da tambarin Baba."

"Madalla. Yaushe?"

Ya faɗi ranar. Na ƙirga da yatsu a kan watanmu, na ajiye faifai.

"Babba, ranar marecen ado ce."

"Na sani, Inna. Shekara ɗaya ce. Biyanu na nan baɗi, wannan kuwa ba ya dawowa."

"In kun tafi ku duka, wa zai fitar da gabas?"

"A bi ƴan yamma mana. Ai duk gari ɗaya ne."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Ban hana shi tafiya ba, ku rubuta wannan ku ajiye. Na ce ya tafi, Allah ya ba da sa'a, ya ɗebi sababbin akanzam da shi ya ɗaura da hannunsa. Amma tambari ba ya kwana wani gari a marecen ado, bai taɓa ba, kuma ba a hannuna zai fara ba. Muka yi ta ja. Ya ce mutumin Yamai tambari ya gani ya so. Na ce mutumin Yamai ya zo Agadas ya gan shi inda yake. Da ya ga ba zan motsa ba sai ya miƙe, ya tsaya bakin ƙofa, ya faɗi abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

"Ke me ya dame ki da gangar gabas, Inna? Ke fa ƴar yamma ce."

Ɗan da na haifa a ɗakin nan, kusa da tambarin nan! Na ɗau faifaina na ci gaba da tsinta, ba na ganin shinkafar.

Kafin azahar magana ta zaga unguwa, kuma ta juye a hanya kamar yadda maganar unguwa ke yi. Ba a ce samari sun zaɓi Ingal ba. Cewa aka yi ƴar yamma ta kori ɗanta da makaɗa, ta kulle tambari a ɗaki, don ƴan'uwanta su ci gari su kaɗai bana. Matan da muka yi shekara talatin muna aron turmi suka riƙa gaishe ni a taƙaice. Na gane abin da ke gabana sarai. In gangar gabas ta kwana ɗaki a marecen nan, ba za a ce damina ba ce, ba za a ce Ingal ba ce. Za a ce Tima ce, kuma jikokin jikokina za su gaji sunan.

Kamar abin bai isa ba, sai ga ƙanena Bilal, wanda shi ke riƙe da tambarin yamma. Ya shigo yana sallama da murya mai daɗi, irin ta wanda ya zo kallon gobara.

"Yaya Tima, na ji an ce gabas za ta tafi shan gishiri da raƙuma."

"Ka ji daidai. Zauna ka sha ruwa, ko ka koma da ƙishinka."

"Ni taimako na zo. In ba ki samari biyar su riƙa muku, kada a ji kunya. Ai jini ba ya ƙarya."

"Hannun yamma a kan fatar gabas? Bilal, tashi ka fita tun ban tuna ni na yi maka wanka kana ƙarami ba."

Ya fita yana dariya har da riƙe bango. Na san da zuciya ɗaya ya yi tayin, rabinsa dai. Amma da na karɓa, da na tabbatar wa unguwa duk abin da take faɗi.

Na yafa mayafi na nufi gindin bishiyar bedi, inda tsofaffin gabas ke zaman shayi tun safe har rana ta juya. A cikinsu akwai Ila, ƙanen mahaifinku, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota a hanyar Dirku har gwiwoyinsa suka ƙi shi. Tun ina amarya muke wasa da shi, matarmu yake ce mini. Duk waɗanda ke zaune a wurin na san su. Su ne samarin da suka gudu silima a waccan damina, yanzu ga su ba mai cikakken baki.

"Matarmu, lafiya da rana tsaka?" in ji Ila.

"Maza nake nema. An ce mini da akwai su a nan, amma tsofaffin butoci kawai nake gani."

"Kai! Yau da wa aka tashi?"

"Da ku. Ƴaƴanku za su Ingal. Ku da kuka san kiɗan nan tun ba a haife su ba, za ku zauna kuna kurɓar kumfa yamma ta bi ta ƙofar gidajenku tana yi muku gwalo?"

Ɗaya ya ce bayansa. Ɗaya ya ce likita ta hana shi gajiya. Ɗaya ya ce shi yanzu alhaji ne. Na ce da shi alhajin, lokacin da yake tsallake katangar silima ba da tikiti ba ai ban ga rawani a kansa ba. Wurin ya fashe da dariya, har shi. Ila bai yi dariya sosai ba. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Yayana bai taɓa barin ganga ta kwana ɗaki ba," in ji shi. "Ki buɗe zaure da la'asar. Da tsohuwar zuma ake magani."

Suka zo, su goma sha wani abu, wasu da sanda. Na fiddo tsofaffin akanzam da samari suka raina suka bari. An kwana biyu ana yayyafi, bangon gidan ma ya sha ruwa. Ila ya ɗaga hannu ya sauke a kan fata, sai muka ji ɓaf, kamar an doki jiƙaƙƙiyar tabarma. Na hura garwashi a kasko na gasa su yadda na ga uwar mijina ta yi, sauti ya dawo tangaran. Murna ta kama mu. Suka fita gwaji, ba su kai ƙarshen lungu ba fata ta sake saki. Nan na tuna, a waccan shekarar ruwa ya zuba ne ya ɗauke, iska ta bushe gari. Bana kuwa laima ta zauna daram, ba ta da niyyar tafiya. Wutar zaure ba za ta kai mu ko'ina ba. Tsofaffi suka dawo suka zube, kowa ya yi tagumi. Ɗayansu, don ya rage baƙin ciki, ya jawo ɗan murhun shayinsa na waya da ya zo da shi a hannu, da garwashinsa a ciki tun daga gindin bedi, ya ɗora buta. Na tsaya ina kallon murhun nan da marikinsa. Wutar da ke tafiya da ƙafar mutum, kowane gida a Agadas akwai ta, wasu gidajen har uku.

"Ila," na ce, "in ganga ba ta iya zuwa wurin wuta, wuta za ta bi ganga."

Sauran aikin na mata ne, kuma shi ya fi wuya. Na bi gida gida, har gidajen da ake gaishe ni a taƙaice. Na ce kowace ta fito da murhun shayin mijinta, mu bi bayan makaɗa, rabin ganguna na kiɗa rabi na kan wuta, a riƙa musanya. Maƙwabciyata Lalla, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi a kaina a kwanakin, ta dafe ƙirji.

"A marecen ado? In sa rinin da na ɓoye shekara guda, in sa azurfata, in ɗau gawayi kamar mai gasa masara? Tima, kanki ɗaya?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Lalla. Kun ce na kulle tambari don ƴan'uwana. To ga shi zan fitar da shi. Ke da aka haifa a gabas, zo ki nuna mini yadda ake son gabas."

Ta harare ni har na ɗauka za ta rufe ƙofa. Sai ta juya ta ƙwala wa ƴarta kira ta kawo murhu, babban, ba na baƙi ba.

Ranar ta zo da hadari tun azahar, baƙi ƙirin ta wajen duwatsu. Motocin Ingal sun riga sun tafi da samari. Babba bai shigo ya yi mini sallama ba, daga tsakar gida ya ce sun tafi, na ce Allah ya tsare. Da la'asar tsofaffina suka fito cikin manyan riguna da suka kwana biyu ba su ga rana ba, rawuna sun sha naɗi, wani rigar ta yi masa yawa don jiki ya zube. Mutum biyu suka ɗauki tambari, Ila na biye da makaɗi a hannu yana ɗingishi. Mu kuma mata muka jeru a baya cikin rini da azurfa, kowace da murhu na hayaƙi da mafici. Jama'ar da ke bakin hanya suka gan mu suka kwashe da dariya. Wani ya ce gabas ta fito sayar da shayi. Wani ya ce a kira motar asibiti ta biyo mu. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, ba zan ɓoye muku ba.

Sai Ila ya sauke makaɗi a kan tambari.

Jama'a, na ji tambarin nan a hannun surukina, na ji shi a hannun mahaifinku, na ji shi a hannun ɗana. Ban taɓa jin ya yi magana kamar ranar ba. Fata ta sha wuta ta ɗaure tamau, sauti ya bi lungu ya daki bango ya dawo. Akanzam suka amsa. Kiɗan tsofaffi ba irin na samari ba ne, ba gaggawa, nauyi gare shi, irin wanda aka daina ji tun zuwan gita. Dariya ta tsaya. Lalla ta saki guɗa a kunnena har na kusa yar da murhu. Yayyafi ya fara, muka ci gaba. Duk wanda gangarsa ta fara saki sai ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwaya ba, a ɗora masa mai zafi a hannu. Tambari kuwa in ya nemi wuta sai a tsaya a karkata shi, mu kewaye shi da murhu huɗu, akanzam su riƙe kiɗa har ya dawo. Mutane suka fara fitowa daga gidaje da tabarmi da buhuna suna yi wa garwashinmu rumfa. Masu shago suka riƙa zuba mana gawayi ba mu tambaya ba. Rini ya jiƙe ya zuba, fuskokinmu da hannuwanmu suka yi shuɗi, ba wadda ta kula. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama tana cewa ai dama iyayenmu sun ce Biyanu murnar fitar Annabi Nuhu ce daga jirgi, yau ga ruwan ga murnar. A wata kwana iska ta kaɗa garwashi ya zubo mini a bayan hannu da gefen zane. Tabon da kuke tambayata ke nan. Lalla ta kashe wutar zanen da tafinta, na karɓi wani murhun muka wuce.

Tun fitowarmu muna jin yamma daga nesa, da ƙarfinsu, samari ne cike. Sannu a hankali sautinsu ya fara nauyi. Ya koma ɓaf, ɓaf. Can sai muka nemi shi muka rasa. Da muka fito babban fili inda hanyoyin biyu ke haɗuwa, sai ga su tsaye cikin ruwa, tulin samari majiya ƙarfi da ado kamar angwaye, ganguna rataye a hannu kamar wanki. Jama'arsu ta riga ta fara gangarowa wajenmu, don ƙafa sauti take bi. Ila ya ɗaga hannu, kiɗa ya lafa. Bilal ya ratso fili shi kaɗai, rawaninsa na ɗiga, ya wuce maza ya zo gabana. Ya rage murya.

"Yaya Tima, a taimaka mana da wuta."

Tsofaffina suka yi caa. Alhajin nan mai katangar silima ya fi kowa ɗaga murya, yana cewa kada a ba su ko toka, su koma gida shiru su ji yadda ake ji. Ila ya dube ni yana haki.

"Matarmu, wutarki ce."

Duk filin ni yake kallo. In na ba shi a ɓoye kamar ƙanena, gobe a ce jini ya ja. In na hana, rabin garin da aka haife ni ya kwana ba Biyanu, kuma ban fito don in kashe gangar kowa ba.

"Bilal," na ce, yadda kowa zai ji, "ba ni da ƙane a filin nan sai an sauke ganga. Wurin wa ka zo?"

Ya dube ni, ya gane.

"Wurin gabas."

"Ruwa ya toshe mini kunne. Ɗaga murya."

Ya juya ya fuskanci tsofaffin nan masu ɗingishi, ya cire girman kai ya ajiye.

"Ƴan gabas! Yamma ta zo ɗibar wuta!"

Ihun da ya tashi, na tabbata an ji shi har garin Dabaga. Lalla ce da kanta ta fara ajiye murhunta a gabansa, tana cewa a yi a hankali da shi, na mijinta ne. Muka ba su rabi, muka riƙe rabi.

Abin bai tafi a banza ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar ya tafi ba. Ila ya kai Alarsas da ƙafarsa ya dawo a kan amalanke. Sanyin ranar ya shige shi, bai sake riƙe makaɗi ba har ya koma ga Allah, ko da yake duk wanda ya je duba shi sai ya sha labarin daga farko. Yayanku kuwa wasansu ya yi kyau a Ingal, an nuna su a tele, daga nan aka fara kiransu wurare har ƙasashen waje. Na kalla a gidan Lalla, na yi guɗa, ku tambaye ta. Amma ya dawo yana ganin na rage masa da na hana tambari, ni kuma maganar bakin ƙofa na nan tsaye a raina. Mun daɗe muna gaisuwa kamar maƙwabta a gida ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mun shirya daga baya, amma watannin nan sun ci ni fiye da ƙunar hannu. Ban so hana shi komi ba. Shi ya tafi da abin da yake nasa, ni na tsare abin da aka ba ni ajiya.

Duk wannan daga baya ne. A filin nan, ruwa na zuba, samarin yamma sun durƙusa sun kewaye murhunan matan gabas, Bilal na fifita garwashi da bakin rigarsa ta ado. Ila ya gyara tsayuwa ya ce in zo gaba, kusa da tambari, inda mace ba ta taɓa tafiya ba. Na ce hannuna na ciwo. Ya ce ai ba da hannu ake tafiya ba. Na zo na tsaya, shuɗiya kamar an tsamo ni daga marina, zane a ƙone. Ya ɗaga makaɗi. Bilal ya ɗago kai daga wurin wuta, hayaƙi ya sa shi hawaye.

"Haba Yaya! Ku ɗan jira mu mana, fata ba ta ɗaure ba!"

"Gabas ba ta jira," na ce masa. "In ta ɗaure, ku biyo sautinmu."

Tambari ya tashi, muka kama hanyar Alarsas, ni a gaba.